Rasuwar Makullin da Gombo Ya Lulluɓe da Albarka

Da zuciya cike da baƙin ciki, haƙora kuma a cije, ni Dashnyam na kwarin Tamir nake sanar da dangi, makiyaya da direbobi rasuwar makullin ƙafafun baya na motata, wato na'urar da ke ɗaure tayoyin baya biyu su juya tare. Ya cika ranar Laraba a shataletalen garin Tsetserleg, a hannun ƙanin matata, Gombo.

Marigayin bai shigo gidana da garaje ba. Hunturu guda na kwashe ina zaɓe. Wasu suka ce in ɗauki mai kulle kansa, wanda ke wulla mota gefe a kan ƙanƙara. Gombo, da ko keke bai taɓa mallaka ba, cewa ya yi, "Yaya, kai wa mai walda ya liƙe haƙoran giyar bayan mana, meye na tsirfa?" Na zaɓi mai aiki da iska, mai jin magana: ka danna ya kama, ka danna ya saki.

Ya rayu mai kawaici. Duk maganarsa a duniya "fiss, ƙas" ce, daga nan sai ƙafar da ke lilo a sama da wadda ke dafe da ƙasa su haɗa kai su fitar da mu daga laka. Bai taɓa tambayar wane ne a rami ba. Ya ciro likitan dabbobi daga kogi, ya ciro amarya da kayan ɗakinta, ya ciro Gombo kansa, wanda shi ne kaɗai kuskuren da na sani a rayuwarsa. Abu ɗaya ya roƙa, a sake shi kafin a hau kwalta. Akwai jar fitila kusa da sitiyari mai nuna yana kulle, saboda masu mantuwa.

A nan ba a hana dangi mota. Gombo ya are ta zai kai cuku kasuwa. Surukata ta yayyafa wa tayoyi madara don neman sa'ar hanya, kamar kullum. Shi kuwa, don ya nuna ya fi kowa tarbiyya, ya zaro shuɗin ƙyallen albarka ya naɗe gaban motar ta ciki, ya rufe fitilar ruf. A mashigin kogi ya danna makulli, ya haye, ya manta. Daga nan har gari kwalta ce. Marigayin ya yi ta kuka a kowace kwana, "ƙiii, ƙaƙas, ƙaƙas", Gombo yana ƙara muryar rediyo. A shataletale ya ce "ɗas", ya tafi da sandar ƙafar hagu.

Da na ritsa Gombo, ko kunya babu ya ce, "Yaya, daga hannun lama, malamin gidan ibada, fa ƙyallen nan ya fito. Ba don shi ba, wa ya sani, da har da ni." Na so a ce har da shi ɗin. Matata Delgermaa ta ce, "Ka bar shi, yaro ne." Yaron nan yana da furfura.

Marigayin ya bar tayoyin laka, da sarƙoƙi, da injin jan mota daga rami, da mota zaune a kan kututture. Ya kuma bar ciyawar da na yanka da kaka, jibge a hayin kogi, bayan hawan da babu motar da ke iya shi a kwarin nan sai da marigayin. Magajinsa yana hanya daga babban birni Ulaanbaatar, an ce sai wata mai kamawa. Dusar ƙanƙara ta riga ta zauna a kan tsauni, kafin ya iso ta rufe hanyar har ƙarshen hunturu.

Za a kai haƙoransa tulin duwatsun ibada da ke kan tudu ranar Asabar da hantsi. Kada kowa ya zo da ƙyalle. Bayan nan za a karɓi gaisuwa a gidana, kuma nama zai wadata, don rabin garkena ne, tumakin da ba ni da abin da zan ba su kafin sabuwar ciyawa ta tsiro. An keɓe wa Gombo wuƙa. Ni zan riƙa faɗa masa sunan kowace tunkiya, shi zai riƙa yankawa da hannunsa.