Rasuwar Kar Ka Fasa, Wasan da Ɗansa Ya Kai Ƙara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da suka gaji da kallon allo, iyalan Saura Kaɗan, mai shagon buga takardu da ke ƙarƙashin bene, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki, musamman 'yan zauren hira na waya na masu koyon rubuta manhaja, rasuwar ɗansu, wasan waya mai suna Kar Ka Fasa. Ya cika ranar Litinin da hantsi, bayan doguwar jinya da aka yi a gabanku. Ba don ba ku da labari aka aiko muku da wannan sanarwa ba. Kun sani sarai. Ranar da mahaifinsa ya rubuta a zaure cewa yaron nan ba shi da lafiya, waya ta nuna duk kun karanta. Kuka ɗauke kai, kuka wuce zuwa hoton barkwancin da ke ƙasa.

Ga wanda bai san marigayin ba, ɗan ƙaramin wasa ne na wani mai keke da ya ɗauro kiret ɗin ƙwai a baya, yana ratsa titi mai ramuka da kwatami, aikinka ka kai shi gida ba tare da ƙwai ya fashe ba. An haife shi a kan teburin da ke tsakanin injin fotokwafi da fankar da ba ta juya wuya, a cikin wata tsohuwar kwamfutar cinya da aka ɗaure ƙugunta da salatif. Mahaifinsa bai yi karatun kwamfuta a ko'ina ba. A bidiyo ya koya, da tambayar na gaba da shi, yana rubuta layi biyu sai mai neman aiki ya shigo da takardunsa, ya tashi ya buga masa, ya dawo ya tarar ya manta inda ya tsaya. Shekaru aka yi ana wannan reno. Duk wanda ya tambaye shi yaushe za a gama, amsa ɗaya ce: "Saura kaɗan." Har sunan ya bi shi, matarsa ma idan ranta ya ɓaci da shi take kiransa.

Marigayin ya kasance mai sauƙin kai. Bai taɓa cin datar kowa ba. Bai taɓa tare mutum da tallar maganin ƙiba a tsakiyar wasa ba. Yana zama lafiya a wayar da allonta ya tsage, wayar da manyan wasanni ke raina wa, ba ya sa ta zafi, ba ya shanye mata batir. Kuma ɗan halak ne, ya san asalinsa. Da ka buɗe shi, kafin komai, sai ya gaya maka cewa dabarar tsallaka titi daga wani tsohon wasa aka koyo ta, sannan ya gode wa mutanen zaure da suka taimaka wajen gyara birkin keken. Mahaifinsa ya ce wanda ya sha ruwa a rijiya ba ya tafiya bai ce sannu ga mai guga ba.

Iyali ba za su manta da muryarsa ba. Idan keke ya tashi sai ka ji "ƙirrin, ƙirrin", wanda a gaskiya cokali ne aka buga a jikin kofin gilas. Idan ka faɗa rami sai ka ji "fas!", kuma ƙwai ne na gaske, don Saura Kaɗan ya gwada takarda, ya gwada biskit, bai gamsu ba, sai da ya fasa na girkin matarsa ɗaya bayan ɗaya a gaban waya, tana tsaye a bakin ƙofa da hannu a ƙugu tana cewa, "Malam, in ka gama da ƙwan ga tangaran can ma, kar ka ji nauyi." Idan kuwa ka kai ƙwai gida lafiya, sai wata 'yar dariya ta tashi, mai shaƙewa a ƙarshe kamar an yi wa mai ita cakulkuli. Dariyar 'yar Saura Kaɗan ce tun ba ta iya magana sosai ba. Yanzu tana aji huɗu, ba ta yin irinta.

Ba za a ɓoye aibinsa ba, don ba mala'ika ba ne. Yana da wani tabo tun haihuwa: a mataki na tara, idan ka karya hagu sau biyu a gaban jan ƙyaure, tayar baya sai ta ɓace, mai keke ya ci gaba da tafiya a kan iska. Mahaifinsa ya yi ta nema bai gano dalili ba. Ku 'yan zaure kun san wannan tabo fiye da kowa, don da shi kuka yi ta tsokanarsa. Wani ma ya ce a canza wa wasan suna zuwa Keken Aljanu.

Ciwon ajali ya samo asali ne daga wata ɗabi'a tamu da muke alfahari da ita. A zauren nan, duk wanda ya rubuta abu sai ya zuba shi gaba ɗaya, ciki da bai, ba tare da layi ɗaya da ke cewa wane ne ya yi, me aka yarda a yi da shi, me ba a yarda ba. Wanda ya rubuta irin wannan layi ana ce masa mai rowa, ko a ce ya fara jin kansa. Saura Kaɗan ba ya son a ce masa mai rowa. Duk gyaran da ya yi sai ya turo a gwada, har da rubutun cikin wasan, da zane, da sauti. Wata rana wani ɗan zaure da ake kira Mai Tabarau ya ce masa, "Yaya, a ɗan ba ni cikakken in duba, wallahi koyo kawai zan yi." Aka ba shi. Wa zai hana ƙani karatu?

Bayan 'yan watanni sai ga wani wasa a kasuwar manhajoji, da sunan waje mai wuyar faɗa. Keken ya koma shuɗi. Ƙwai ya koma kankana. Gaisuwar farko da godiyar nan an share su, an sa tambarin Mai Tabarau. Talla kuwa kamar ƙuda a mahauta. Amma kankanar nan idan ta faɗi, "fas!" take yi irin na ƙwai. A mataki na tara tayar baya tana ɓacewa a gaban jan ƙyaure. Idan ka ci wasa kuma, yarinyar nan ce take dariya, kafin a katse ta da tallar caca.

Saura Kaɗan ba mai son hayaniya ba ne. Ya kai maganar wurin Baban Zaure, wanda ya kafa zauren, mutumin da kowa ke girmamawa. Baban Zaure ya saurara, ya gyara zama, ya ce, "Haba, ƙanena, kar mu raba zaure a kan wasan yara. Ai duk mu ɗaya ne. Ka ɗauka sadaka ka yi." Da maganar ta fito fili, wani ya ce ai Mai Tabarau ya canza kala, ya zama nasa. Wani ya ce kowa ma kwafa yake yi, waye a nan ya ƙirƙiro keke? Sauran, waɗanda su ne mafi yawa, suka yi gum. Cikinsu har da mutanen da sunayensu ke cikin godiyar da aka share.

Da Saura Kaɗan ya ga haka sai ya ce to bari shi ma ya ɗora nasa a kasuwa, ko banza a ga na asali. A karon farko a rayuwarsa ya daina cewa saura kaɗan, ya ce an gama. Nan ne ciwo ya tashi gadan-gadan. Mai Tabarau ya shigar da ƙorafin haƙƙin mallaka, ya ce ga wani can ya kwafi wasansa, har da sauti, har da kuskuren taya. Kuma a idon masu kasuwar gaskiyarsa ce, don shi ya riga zuwa. Ɗa ya kai uba ƙara, laifin uban shi ne ya yi kama da shi.

Masu kasuwar suka ce Saura Kaɗan ya kawo shaidar cewa nasa ya riga. Ya yi murmushi, don yana da kowane fayil tun ranar farko. Sai da ya buɗe su ya ga inda matsalar take. A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan batir kamar maɓallin riga, shi ke riƙe agogo idan an kashe ta. Na tasa ya mutu tun kafin ya saye ta a hannu. Kullum aka kunna ta sai ta koma ranar da aka ƙera ta, ta ɗan yi ƙorafi a baƙin allo, shi kuma ya danna maɓalli ya wuce, yana cewa gobe zai canza. Saboda haka duk aikin shekarun nan yana ɗauke da kwanan wata guda, na wata shekara da shi kansa yana firamare, lokacin da irin wayar da aka yi wasan dominta ba ta ma zo duniya ba. Wanda ya duba takardun ya ga haka, ya rubuta cewa shaidar jabu ce. Wayar Saura Kaɗan ta da, wadda ya riƙa turo gwaji da ita, ta daɗe da faɗawa bokitin wanki. Zauren kuma, kamar yadda kuka saba, Baban Zaure yana share shi tas duk lokacin da wayarsa ta cika.

Ranar Litinin saƙon masu kasuwar ya iso, Saura Kaɗan yana tsakiyar buga wa wata mata takardar haihuwa. An sauke Kar Ka Fasa, an rufe asusun mai shi, an rubuta dalili: satar fasaha. Ya karanta, ya kife wayar, ya ƙarasa bugun, ya ba matar takardarta har da yi mata sannu. Bai yi kuka ba. Sai da yamma, da 'yarsa ta dawo daga makaranta ta ajiye jaka ta ce, "Baba, 'yan ajinmu sun ce dariyata ta wani mutum ce, wai kai ka sato," sannan ya tashi ya shiga bayan injin fotokwafi, ya daɗe yana gyara takardun da ba su hargitse ba.

Marigayin ya rasu ya bar mahaifinsa, wanda tun ranar bai sake rubuta ko layi ɗaya ba. Ya bar mahaifiyarsa, tsohuwar kwamfuta, wadda fankarta ke ta nishi. Ya bar matar gida da har yau ba a biya ta ƙwanta ba, ta kuma ce ta yafe. Ya bar yarinya guda da ke son a dawo mata da dariyarta. Ya bar ɗa ɗaya, mai shuɗin keke, yana can cikin ƙoshin lafiya, ba a sa ran zai zo gaisuwa. Ya kuma bar ƙanne masu yawa, wasanni da manhajoji rabi da rabi da ke zube a zauren nan ba suna ba uba, kowanne yana jiran nasa Mai Tabarau.

Iyali sun gaji, kuma suna roƙon kada a zo musu da "sai haƙuri". An kawo shi da yawa, babu wurin ajiyewa. Babu wanda ya ce koyi laifi ne. Dukanmu da kwaikwayon wasannin wasu muka fara, haka ake koyon kowace sana'a. Amma ɗaukar dabara daban, ɗaukar gumin mutum da muryar 'yarsa a manna suna a kai daban, kuma duk wanda ya iya rubuta layi goma a kwamfuta ya san bambancin. Abin da muke kira zumunci a zauren nan, rabinsa lalaci ne, rabinsa tsoron kada a ce wane ya cika magana. Mun iya kwana muna gardama a kan wane yaren kwamfuta ya fi wani, amma a ce "wannan aikin wane ne, na gani da idona" ya gagare mu.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da yamma, bayan an rufe shago, a ƙarƙashin benen nan da kuka sha zuwa buga takardu kyauta. Za a buɗe marigayin a kan allon mahaifiyarsa, a buga shi sau ɗaya har mataki na tara, domin kowa ya yi masa ganin ƙarshe. An zaɓi Alhamis ne saboda ranar Juma'a ƙofar ɗaukaka ƙara take rufewa, daga nan kuma sunan ɓarawo ya zauna wa Saura Kaɗan ke nan.

Kada kowa ya zo hannu rabbana, kada kuma ya kawo lemo. Tsohuwar wayarka za ka kawo, waccan da ke cikin durowa ƙarƙashin tarkacen waya, tare da cajarta. Duk wanda ya taɓa gwada wasan nan, wayarsa ta rubuta ranar da ya iso mata, kuma agogonta lafiyarsa ƙalau. Wannan ce kaɗai shaidar da ta rage a duniya, tana hannunku. Wanda wayarsa ta ɓata ya zo da bakinsa, ya faɗi abin da ya sani, ya sa hannu. Baban Zaure, an tanadar maka kujera a gaba, kai za ka fara. Idan wayoyi suka taru, za a ɗage binnewa, domin mai yiwuwa da sauran numfashi. Idan ba su taru ba, za a rufe shi, kuma daga ranar duk wanda ya sake cewa "mu ɗaya ne" a zaure za a tura masa wannan sanarwa.

Saura Kaɗan ya sayo batirin nan jiya, ya sa shi da hannunsa. Agogon kwamfutar yanzu daidai yake tafiya, zai riƙe lokacin da kowa ya iso. Tashi ka buɗe durowar nan, ka sa wayar a caji tun yau.

Sanarwa: ƙanwar mai rashi, ita ma 'yar zaure, a madadin iyali.