Ranar da Na Ce wa Tsofaffin Keffi Su Kwanta Dama

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na tsaya gaban dattawa cike da zaure na yi musu fatan mutuwa, ina murmushi kuma.

Lokacin ina aikin gashin ƙashi a Abuja, ina kwana a Keffi. Kullum cunkoson Mararaba ya cinye mini safiya, ya dawo ya cinye mini yamma. Da na ji wata cibiyar kula da tsofaffi a Gangaren Tudu na neman mai koyar da motsa jiki, har da rawata. A can ake gwada musu hawan jini da suga, a koya musu yi wa kansu hidima ba sai sun jira jika ba. Shugabar wurin, Hajiya Larai, ta ce mini, "'Yar nan, ba ni ke ɗauka ba. Ki koyar da su rana ɗaya, in sun ce ke, to ke ce."

Ni 'yar ƙabilar Mada ce, Hausata kuma ta kasuwa ce (da ita nake cin mai tumatir da ciniki, shi ya sa nake ganin na gama da harshen). Hajiya ta ce ko a ba ni mai taya ni bayani? Na ce Allah Ya kiyaye.

Aka shimfiɗa tabarmi, maza gefe, mata gefe. Darasina shi ne yadda tsoho zai tashi daga shimfiɗa shi kaɗai: ya juya gefe ɗaya, ya dafa ƙasa, ya miƙe a hankali. Muka juya wuya, muka kaɗa kafaɗa, komai lafiya lau. Kaina ya fara kumbura. Sai na tafa hannu na ce, "Yawwa, iyayena! Yanzu lokaci ya yi, kowa ya kwanta dama!"

Wuri ya yi tsit.

(Ga wanda yake irina a lokacin: in Bahaushe ya ce wane ya kwanta dama, to wane ya riga mu gidan gaskiya.)

Ni kuwa na ɗauka ƙiwa ce. Na ce, "Haba, kada ku ji tsoro, ba zafi. Minti biyu kun huta gaba ɗaya."

Wata tsohuwa, Iya Talatu, ta dafe ƙirji ta ce, "Ni 'yasu! Ni fa ban shirya ba, bikin jikata wata mai zuwa."

Na ce, "Ba komai, Iya, wanda ya kasa ni zan taimaka masa. Bari waɗanda suka fi tsufa su fara."

Wallahi har yau in na tuna sai na rufe fuska. Wani tsohon hedimasta, Baba Audu, wanda kowa ya san shi ne babba a wurin, ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, "Yarinya, daga Abuja aka aiko ki, ko daga sama? Ai ko Mala'ikan Mutuwa ba ya ɗaukar mutane a layi."

Dariya ta ɓarke. Wani har da tari, Iya Talatu tana share hawaye da bakin mayafi. Hajiya Larai ta ja ni gefe ta raɗa mini ma'anar. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na ce a raina shi ke nan, aiki ya tafi. Na durƙusa ina ta "ku yafe mini, iyayena."

Hajiya ta tambaye su shawararsu a gabana. Baba Audu ya ce, "A bar mana ita. Ta gyara mana gwiwa, mu gyara mata baki. In muka sake ta haka, wa ya san garin da za ta je ta ƙarar?"

Yau shekarata ta huɗu tare da su. "Ku juya ta hannun cin tuwo" nake cewa yanzu, amma duk da haka ina shigowa sai wani ya ce, "Sista, yau wa zai fara?"

Abin da na koya: in ka yi magana tsofaffi suka yi shiru, ba ƙarin bayani suke jira ba. Ka tsaya a nan, ramin da ka haƙa ya isa.