Rasuwar Goggo, Mai Riƙe Igiyar Jirginmu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika fal, ni Preben Kjær, mai ɗaure jirgi a gurbi na goma sha huɗu, nake sanar da 'yan ƙungiyarmu ta masu jirgin ruwan da iska ke turawa rasuwar Goggo, wadda ta bar mu ranar Asabar da hantsi, bayan shekara talatin da takwas a bakin aiki.

Ga sababbin shiga, Goggo ita ce 'yar amalanken ƙarfen nan da ke kai da komo a kan dogo a bayan jirginmu, riƙe da igiyar babban ƙyallen da ke kama iska. Surukina marigayi Aksel ne ya ɗaura ta da hannunsa. Shi ya raɗa mata suna, don a cewarsa tana gunaguni amma tana aiki.

Marigayiya ba ta da kwaɗayi. Ba ta taɓa neman mai ba, guga ɗaya na ruwan famfo ya ishe ta wata guda. Ta sha gishiri, ta sha ƙanƙara, ta sha zagina a duk tseren da muka zo na ƙarshe, wato dukansu. Har yanzu ina jin muryarta in iska ta juya: ƙirrr, sannan ƙwas.

Ciwon ajalinta bai taka kara ya karya ba. Noti guda ne ya yi sako-sako a bakin dogon, rabin juyi da sufana ya ishe shi. Sai dai ni mutum ne mai son aiki ya yi kyau, kuma wannan hali ya sha jawo mini. Bara da na gyara famfon kwashe ruwa, ruwan ya koma shigowa. Ranar ce matata Bodil, 'yar Aksel kuma mai jirgin ta gaskiya, ta tsare ni a ƙofar kicin.

"Preben, jirgin babana ne fa. Ka ƙara kashe ko cokali a cikinsa, wallahi Mogens zan sayar wa, kai kuma ka koma noman tumatir."

Mogens shi ne na gurbi na goma sha biyar. Shekara tara ke nan yana kallon jirginmu yana haɗiyar yawu.

To, ranar Asabar na ce tunda na riga na riƙe sufana, bari in zare Goggo daga dogon in wanke mata ciki. Kowa a tashar nan ya san 'ya'yan boris ɗinta, wato ƙananan ƙwallayen ƙarfen da take gangarawa a kansu, ba a ɗaure suke ba, dogon ne kaɗai ke tare su. Ni ma na sani. Ni ne ma na koya wa wasu.

"Maƙwabci, ka shimfiɗa tawul a ƙasa kuwa?" in ji Mogens daga jirginsa.

"Sha kofinka, Mogens. Tun kafin ka san ruwa nake wannan aiki."

Na ja ta. Ta yi ƙwas na ƙarshe, 'ya'yan suka zubo kamar an ɓarke buhun wake, suka bi gangaren jirgi a guje, suna faɗawa teku ɗaya bayan ɗaya. Tsul, tsul, tsul. Na kifa da ciki ina tarewa da hannu biyu, a banza.

"Talatin da tara na ji," in ji Mogens. "Ko in sake ƙirgawa?"

An garzaya da ita wurin mai kayan jirgi. Ya juya ta, ya cire hularsa, ya ce irin wannan an daina ƙera ta tun yana da gashi.

Ta rasu ta bar dogo, wanda yanzu ba mai bin sa, da igiya da ke ta lilo, da marayu uku. An tsinci biyu a magudana, na ukun a cikin takalmina.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi da ƙarfe biyu a bakin gadar da muke ɗaure jirage. Za a sauke tuta zuwa rabin sanda. Gawa tana cikin gwangwanin biskit. Daga nan akwai kofi da kek a ɗakin ƙungiya, da giya ga waɗanda abin ya fi taɓawa. Ana roƙon Mogens kada ya yi jawabi, kuma ya bar igiyar awonsa a gida, don jirgin bai shiga kasuwa ba tukuna.

Kamar yadda doka ta tanada, kowace sanarwa sai ta bi ta hannun sakatariyar ƙungiya, wato matata, kafin a manna ta a allo. Bodil, in kin iso wannan layi, to yanzu kin sani. Kwana huɗu ina buɗe baki a teburin abinci ina rufewa, don tsoro nake ji, kuma ina son jirgin nan fiye da yadda na iya kula da shi. Ke za ki faɗa wa jama'a ko gawa ɗaya za a raka ranar Lahadi ko biyu. Irin tumatir ɗin yana aljihun rigata, ban buɗe ba tukuna.