Rasuwar Kaka, Kwamfutar Teburin Aro

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni mai kula da sashen yara, a madadin ɗaukacin ma'aikatan laburarenmu, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki da masu aron littafi, har da waɗanda suka riƙe mana namu, rasuwar Kaka, tsohuwar kwamfutar teburin aro. Ta ce ga garinku nan ranar Asabar da hantsi, tana tsaka da aiki.

Marigayiyar ta riga yawancinmu zuwa gidan nan. Baiwar Allah ce mai natsuwa, ba ta san gaggawa ba. In ka kunna ta da safe sai ta ce "ƙirrr, ƙit, ƙit", ka je ka ɗora ruwan shayi, ka mayar da littattafai kan kanta, ka dawo ka tarar tana miƙa. Ba ta taɓa ɗaga murya a ɗakin karatu ba. Ba ta da tsegumi: abin da ka ba ta ajiya, kai kanka sai ka sha wuya kafin ta nuna maka shi.

Ciwon ajalinta ya soma ne lokacin da aka turo mana Malamar Horo ta koya mana aiki da intanet: yadda ake buɗe wa laburare shafi a dandalin sada zumunta, da yadda mutane da yawa za su yi rubutu a takarda ɗaya lokaci guda, kowa daga inda yake. Na biyun nan ne ya ƙi shiga kanmu. Mu mun tashi a kan cewa littafi in yana hannun wani, sai ka jira ya dawo da shi. Don haka muka riƙa yin layi a bayan Kaka, in Oga, shugaban laburaren, ya gama rubutunsa ya tashi, na baya ya zauna. Anti Katalog, wadda ta fi kowa daɗewa a cikinmu, har katin aro ta yanka wa takardar.

Malamar Horo ta shigo ta gan mu a jere, ta dafe kai. "Jama'a, ina wayoyinku? Kowa fa zai iya shiga yanzu-yanzu!"

Anti ta dube ta ta saman tabarau. "'Yar nan, wace irin tarbiyya ce ina rubutu Oga yana goge mini a gaban idona?"

Haka muka ɗora wa Kaka kayan gari guda. Shafin zumuntar ma muka yanke cewa kayan laburare ne, ba a fita da shi, sai ta cikinta za a shiga. Ta fara tari, fankarta na "fuuuu" tun safe har a tashi, wani lokacin fuskarta ta yi shuɗi ta suma. Ba ta taɓa kai ƙara ba.

Ana nan sai Anti ta ɗanɗana daɗin shafin. Tsohuwar da da ko saƙo sai jikanta ya tura mata, ta koma ɗora hoton komai: sababbin littattafai, butar shayi, kyanwar da ke barci a kan tsofaffin jaridu. Duk wanda ya danna alamar so, sai ta yi masa addu'a da suna.

Ranar Asabar muke karanta wa yara labari. 'Yata, wadda ake kira Lauya saboda bakinta, shekararta uku. Na koya mata cikakken sunanta, da sunan babanta, da layin gidanmu, da launin ƙofarmu, don ko ta ɓata a kasuwa. To, ranar sai ta miƙe a tsakiyar yara ta rera su tsaf, kamar mai karanta labarai, aka yi ta tafi. Ashe Anti na gefe tana ɗauka da waya, fuskokin yaran mutane duk sun fito.

Ina durƙushe ina ɗaura wa wani yaro igiyar takalmi na ji muryarta daga teburin aro: "Maman Lauya, zo ki gani, 'yarki za ta yi suna! Duniya duk za ta gan ta!"

Ban san lokacin da na tsallake yara biyu ba. Ta haɗa wayar da Kaka, ta danna turawa, koren layin nan yana rarrafe, saura ƙiris ya kai ƙarshe. Na ce, "Anti, tsayar da shi! Adireshin gidanmu ne a ciki!" Ta ce ai ba a zo darasin tsayarwa ba tukuna. Na fizgi linzamin kwamfutar, ya ƙi motsi. Sai Kaka ta ja wani dogon numfashi, "fuuuu", ta ce "ƙit", ta yi ɗif. Ƙauri ya tashi. Malamar Horo ta duba shafin a wayarta: babu abin da ya hau.

Masu gyara sun ce zafi ne da tsufa. Ni dai uwa ce, na san abin da na gani.

Anti ta yi kuka, ta ce, "Wallahi don ƙauna na yi." Na sani. A gabana ta goge hoton daga wayarta. Da yammar nan muka zauna, kowa da wayarsa tunda babu layin da za a bi, muka rubuta dokarmu a takarda ɗaya, lokaci guda: fuskar yaro ba ta hawa shafi sai da yardar iyayensa, suna da gida kuwa ko da yardarsu. Oga ya gyara wa Anti kalma biyu a gaban idonta, ta haɗiye.

Marigayiyar ta bar allon madannai mai giɓi biyu, da linzami, da ƙanwarta firinta wadda ita ma jikin sai a hankali. An ce sabuwa na hanya, mai saurin tsiya. Ina roƙon kowa ya tuna cewa wannan ba za ta tsaya ta yi mana tunani ba.

Za a yi jana'iza ranar Litinin bayan an rufe, a ɗakin ajiya na baya. Mai gyara zai buɗe ta, ni da hannuna zan cire rumbun ajiyarta, don hoton nan yana cikinta har yanzu, sauran kuma a miƙa wa masu sayen tsofaffin ƙarafa. Zaman makoki a ɗakin ma'aikata, kowa ya zo da kofinsa. Allah Ya ba mu haƙurin rashi.

Ba a ɗaukar hoto. Anti, da ke nake.