Ranar da Na Kai Enash Gidan Makoki

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, lokacin da albashi ba ya kai mu tsakiyar wata, ina koyarwa a wata sakandare a Gwarzo. Abokin aikina Malam Bitrus ya koya mini wata kalma ta Aramiya, harshen Annabi Isa: enash. Ya ce tana nufin mutum, amma mutum mai rauni, wanda kabari ke jira. Na riƙe ta ina neman inda zan baje kolina.

Sai ƙanin surukina ya rasu a Masanawa. A zaman makoki kowa ya san aikinsa: ka ce Allah ya jiƙansa, a shafa Fatiha, ka kama bakinka. Ni kuwa na gyara babbar riga, na yi gyaran murya, na shiga bayyana wa mutanen da ƙasar kabari ba ta bar hannunsu ba cewa ɗan Adam enash ne.

Liman ya ɗago kai. "Malam, a wane littafi ka gani?"

Da alfahari na ce, "Na Kiristoci, Allah gafarta Malam."

Surukina ya sunkuyar da kai, na kusa da ni ya matsa. Kafin la'asar labari ya kai Kabo wai na yi ridda. Aka riƙe matata a gidansu, sai da na maimaita kalmar shahada a gaban dattawa, da gemuna da komai. Malam Bitrus ya nemi canjin makaranta, ko sallama bai yi mini ba.

Har yau, duk gidan rasuwar da na shiga, kafin in zauna an miƙo mini goro: "Ungo, Malam Enash, ba bakinka aiki. Mu za mu yi addu'ar."