Reshenmu Yana Gajimare

Ba zan taɓa mantawa da taron zumuncin gidanmu na bara ba, kuma ko na so in manta, dangi ba za su bar ni ba. Har yau in na sauka a Kiyawa, tun daga bakin tasha ake yi mini sannu da zuwa da sunan da na samo a ranar.

Ni malamin kwamfuta ne a wata makarantar kuɗi a Dutse, a gefe kuma ina taɓa haɗa bidiyon biki. A gidanmu Injiniya ake ce mini (difloma ce da ni, amma ban taɓa ganin dalilin gyara wa manya baki ba). Kwamfutar tebur ɗina da hannuna na haɗa ta, na sa mata ma'ajiya biyu a cikinta. Ƙaramar, mai sauri, wadda kwamfuta ke kira C, ita ke ɗauke da manhajoji da 'yan tarkacen da ke kan allo. Babbar, wato D, can nake jibge duk wani aiki mai muhimmanci. Ni dai ƙaramin rumbu da babban rumbu nake kiran su, don ɗalibai su gane.

To, akwai wasu kaset uku a gidanmu. Kafin kakanmu Malam Babba ya rasu, Baffa Idi, yayan mahaifina, ya zaunar da shi gaban rediyo mai kaset ya ɗauki muryarsa. Tsohon ya zayyana asalin gidan, daga inda kakanni suka taso, wa ya haifi wa, har ya gangaro kan 'ya'yansa, kowa da abin da ya faɗa a kansa. Mahaifina shi ne autansa, shi ma ya rasu tun ina firamare. Ban da kaset ɗin nan babu inda muryar Malam Babba ta rage a duniya.

Ni na je na karɓo su, da hujjar zan mai da su na zamani kafin zaren ya lalace. Na kuwa yi. Sai dai in faɗi gaskiya, ban zauna na saurara ba. Na jona waya, na danna, na ji sallamar tsohon ta fito tar, sai na tafi wurin mai shayi na bar inji yana aikinsa. Na ce ai abin yana hannu, wata rana in na samu natsuwa zan ji abin da ya ce a kan babana. Na zuba duka ukun a babban rumbu.

Daga nan na yi rajista da wani kamfani mai ajiye wa mutane kayan kwamfutarsu a intanet, irin ajiyar da ake wa laƙabi da gajimare. Manhajarsu ta yi 'yan juye-juyenta, ta fito mini da koriyar alama, ta ce komai ya hau. Wannan koriyar alama ita ta kai ni ta baro.

Da na je gida na sami Baffa a zaure yana gyaran ƙotar fartanya, na ce masa ya kwantar da hankalinsa, yanzu muryar Malam tana gajimare, ko gobara ba ta isa gare ta ba. Ya leƙa waje ya dubi sama, ya dube ni.

"Gajimare? Ba hadari ba?" in ji shi. "Mu dai a gona, gajimare inuwa kawai yake yi ya wuce."

Na yi dariya har da riƙe ciki, na kuma yi masa lacca ta kusan rabin awa a kan ci gaban duniya. Shi dai ya ci gaba da fiƙe ƙotarsa. Goggo Hajara, ƙanwarsa, wadda idonta ya fara rauni, ita ce ta roƙe ni in dawo mata da kaset ɗaya, wai akwai rubutun ajami na hannun mahaifinta a jiki. Na kawo mata na farko ina mata tsiya, na ce ta haɗa da turare ta ajiye. Sauran biyun kuwa, ranar da nake kwalimar ɗaki na haɗa su da matattun caja da tsoffin wayoyi a buhu, na miƙa wa 'yan gwangwan masu sayen tarkace. Ganin hadari ke sa wanka da kashi, in ji Hausawa. Ni nawa ko hadarin ban gani ba.

Da aka sa ranar taron zumunci, kwana biyu bayan babbar Salla, ni na shiga guruf ɗin dangi na yi shela cewa bana Malam Babba da kansa zai yi jawabi. Maganar ta zaga. Dangin Haɗeja da suka shekara biyar ba su zo ba suka ce suna tafe, na Garki da na Buji ma haka. Goggo ta aiko mini cewa ba ta da wani buri da ya wuce ta sake jin muryar babanta kafin ta bi shi.

Saura mako guda, da rana tsaka ina aji, hadari na gaske ya haɗo. Aka yi wata tsawa da ta sa ɗalibai shiga ƙarƙashin benci. Da na koma gida, ƙaurin ƙonewa ne ya tare ni, don na bar kwamfutar a jone. Mai gyara ya buɗe ta, ya gwada nan, ya gwada can, ya ce rumbunan biyu duk sun tafi, ya fara ba ni haƙuri. Ni kuwa murmushi na yi masa irin na wanda ya san abin da wasu ba su sani ba. Na ari laftof ɗin wani abokin aikina, na shiga gajimarena, na sauko da kayana. Cikin ɗan lokaci aka gama (har yabon netwok na yi, ban tambayi kaina yadda aikin shekaru ya sauko kafin shayi ya huce ba). Ga su nan a kan allo reras: Malam Babba 1, Malam Babba 2, Malam Babba 3. Ban danna ko ɗaya ba. Injiniya guda, me zai gwada?

Ranar taro, bayan La'asar, an kafa rumfa a ƙofar gida, maza a tabarmi ta nan, mata ta can. An ɗauko babbar talabijin da lasifika, janareta na ruri a bayan katanga. Aka zaunar da Goggo a gaba, dab da lasifikar. Na miƙe cikin shadda mai sitati, na yi jawabi a kan yadda tsawa ta cinye kwamfutata amma ilimi ya fi ƙarfin tsawa. Aka yi kabbara. Na danna na farko.

Wani ɗan akwati ya fito a talabijin, da haruffan da kowa zai iya gani, yana cewa ba a sami D ba. Na danna na biyu, haka. Na uku, haka. A lokacin ne idona ya kai kan 'yar kibiyar da ke gindin kowace alama. Ashe ba fayilolin ba ne, alamun nuna hanya ne kawai, kamar allon bakin titi da aka rubuta Kiyawa a jiki, wanda ba shi ne garin ba. Manhajar tun farko ƙaramin rumbu kaɗai take kwashewa. Babban sai ka shiga ka zaɓe shi da hannunka, ni kuwa ban taɓa buɗe wannan shafin ba. Komai ya hau, gaskiya ta faɗa, komai na abin da na nuna mata.

Gumi ya jiƙa shaddar. Na ce wa jama'a ƙaramar matsala ce, na rubuta sunan Malam Babba a wurin nema, ina addu'a a zuci. Sai ga bidiyo guda ya fito mai suna "Malam Babba taro". Ban tsaya tunani ba, na danna.

Ni ne. Ni ne a ɗakina, daga ni sai singileti, ina gwajin jawabin da zan yi a gaban kyamara. Ga ni ƙato a talabijin ina cewa, "Jama'a, ba don ni ba da tarihin gidan nan ya bi ruwa." Na gyara murya na sake faɗa da wani salo. Sannan na ga kaina na ranƙwafa, na karkace baki, na kwaikwayi muryar da kowa a wurin ya sani: "Gajimare? Ba hadari ba?" Na ƙara da cewa, "Tsofaffi dai sai haƙuri."

Na fizge wayar talabijin, hoton ya ɗauke, amma lasifika ta ci gaba da watsa dariyata har ƙarshen layi. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na gode mata. Matasa suka cusa kai cikin riga, mata suka ja mayafi suka toshe baki. Baffa bai ko motsa ba. Da na samu na kashe abin, ya tambaye ni a hankali me ya faru, na yi masa bayani.

"To, na gane," ya ce. "Mai gadi ka ɗauka, ka nuna masa rumbun ƙaiƙayi, ka bar na hatsi."

Goggo ce ta dafa ƙasa ta miƙe, ta lallaba cikin gida. Ta dawo da kaset ɗin nan da na yi mata tsiya a kansa, naɗe cikin ɗankwali, daga ƙasan kwallarta. Baffa ya shiga ya ɗauko tsohuwar rediyonsa, aka sa batir. Ta yi shuuu, sai ga sallamar Malam Babba. Goggo ta amsa masa da ƙarfi kamar yana zaune a gabanta, hawaye na zuba. Babu wanda ya sake tunawa da ni, na kuwa ji daɗin hakan.

Aka ji asali, aka juya kaset, ya gangaro kan 'ya'yansa. Ya ce Idi mai haƙuri ne amma ba ya mantuwa (wannan na riga na tabbatar). Ya ce Hajara taurin kai gare ta kamar uwarta, aka yi dariya, ita ma ta yi. Ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Na matso har gwiwata na taɓa rediyon.

"Sai autana, Garba," in ji tsohon. "Shi wannan yaro, abin da nake so ku riƙe game da shi..."

Ƙas! Zare ya ƙare. Wani daga cikin baƙin Haɗeja ya ce a sa na biyu mana. Sai duk aka juyo aka dube ni.

Da jama'a suka watse na sami Baffa, na durƙusa na ba shi haƙuri, sannan na tambaye shi ko yana tuna abin da Malam ya ce a kan babana, tunda shi ya riƙe rediyon. Ya daɗe yana tunani, ya girgiza kai.

"Ɗana, shekaru sun yi nisa. Ai don kada mu manta aka ɗauka." Ya dafa kafaɗata. "Naku reshen yana gajimare."

Abin ya yi mini ciwo, har yau yana yi, don ni na miƙa buhun nan da hannuna. Yanzu in manhaja ta ce mini komai ya hau, sai na tambaye ta komai na wane rumbu, in kuma danna in ji da kunnena. Ɗalibaina sun gaji da wannan karatu. Kaset ɗin da ya rage kuwa na sake juyar da shi zuwa kwamfuta, amma a ɗakin Goggo, tana zaune tana riƙe da gefen rediyon, don ta rantse ba zai sake kwana a Dutse ba. Da na gama ta naɗe abinta ta mayar cikin kwalla, ta ce, "Injiniya Gajimare, in ka tashi ja mini ƙofar."