Hadarin Gurara

A Gidan Rumji ni ne masanin sama. Nakan shinshina iska in ce wa mutane su fito da iri, kuma sukan fito.

Bayan kaka, ni da abokaina Laminu da Iliya muka ɗauki mota har Najeriya don ganin Gurara, inda kogi ke faɗowa daga kan dutse. A hoto kawai muka san wurin, hoto kuwa ba shi da ƙara.

Muna sauka na ji rugugi bayan itatuwa, ga ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ga ɗan feshi a fuskata. Na ɗaga hannu.

"Ku koma mota. Hadari ne babba, har da ƙanƙara."

"Malam, ba ka ga ranar da ake ƙwallawa ba?" in ji Laminu.

"Ni za ka koya wa ruwa? Saman kudu ba irin namu ba ne."

Muka shiga, muka ɗaga gilashi. Awa guda muna gasuwa, zufa har wando, ina ta cewa, "Kun ji? Yana matsowa."

Sai wata tsohuwa mai gyaɗa ta ƙwanƙwasa mana.

"Bayin Allah, lafiya? Ba ku zuwa kallon ruwan?"

"Inna, sai hadarin nan ya wuce," na ce, ina tausaya wa rashin saninta.

Ta kasa kunne. "Ɗana, tun ina yarinya yake wannan rugugin, bai wuce ba."

Har yau, ko buta ce ta tuntsure a ƙofar masallaci, sai Iliya ya miƙe tsaye.

"Malam, mu koma mota, ko mu fito da iri?"